Laraba da Yamma a Bakin Komadugu

A jadawalin kwalejin da aka tura ni koyarwa a Diffa, cikin shekarun 1990, babu gurbin zane. Akwai Faransanci da lissafi, akwai Ingilishi da kimiyya, akwai tarihi da labarin ƙasa, har da wasannin motsa jiki, kowanne da nauyin makinsa. Zane kuwa ba malami, ba ɗaki, ba ko dala a kasafin makaranta. Ni tarihi da labarin ƙasa aka ɗauke ni in koyar wa 'yan sizyam da sankiyam, wato aji ɗaya da aji biyu na kwaleji, yaran da ba su daɗe da barin firamare ba, muryar mazan ta fara buɗewa, matan sun fara jin nauyin ɗaga hannu.

Daga Damagaram na zo. A lokacin in aka ce an tura malami Diffa, jaje abokai ke yi masa, wasu har su tambaya laifin me ya yi. Tsakaninta da Yamai ya haura kilomita 1,300, kuma sai a 1964, da aka raba ƙasar jihohi bakwai, aka mai da ita babban birnin jiha, alhali Ngigmi da Maine-Sorowa sun riga ta suna. Maiduguri ta fi Damagaram kusa da ita, a kasuwar Talata kuma naira ce ke faɗa a ji, sefa na biye.

Taswira ce ta ja ni cikin harkar. Littafi ɗaya yara da yawa ke taruwa a kansa, taswirar bango kuma gara ta cinye rabin Agadas, don haka tilas kowa ya zana Nijar da hannunsa a cikin kaye, wato littafin rubutu. A nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Yaron da jiya ya ƙera babbar mota da gwangwanin madara da waya, har da ƙofa mai buɗewa da tayoyin da ya yanko daga tsohon silifa, shi ne yau hannunsa ke rawa a kan takarda, ba ya iya jan layi sai da rula. Na ce wa ajin kowa ya zana gidansu. Da na karɓi takardu, kusan duk gida ɗaya ne: rufi mai tsini, taga biyu, bututu a sama hayaƙi na fita, ga itace mai dunƙulallen kai a gefe. Tun daga Gudumariya har Bosso babu irin wannan gida. Na littafin karatu ne, na Faransa, tun firamare suka kwafo shi suka riƙe, don a ganinsu zane ke nan: ka maimaita abin da malami ya sa a tablo, kar ka kuskura ka ƙara. Ɗakin ƙasa da danga da rumbu da akuya a turke ba su kai a sa su a takarda ba.

Laraba da yamma ba a karatu. Na roƙi dirakta makullin aji guda, ya ba ni da sharaɗin kar in taɓa allin makaranta, kar kuma in zo masa da maganar kuɗi. Ban ga laifinsa ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya tashi, akwatin fenti na yara ya zama kayan 'ya'yan manya. Albashi sai ya yi watanni bai zo ba, yajin aiki kuma yau na malamai gobe na ɗalibai. Mai cin bashin shinkafa a kanti ba ya sayen burushi. Da babu gara ba daɗi, muka koma ga abin da garin ke da shi.

Ƙaro ne uwar aikin. Yankin Manga, inda Diffa take, ƙasar dakwara ce, ƙaro ba ya wuya. Mu jiƙa shi a gwangwanin tumatir tun Talata, Laraba mu tace da tsumma. Duk launin da aka kwaɓa da ruwan ƙaro yana kama takarda, ba ya kakkaɓewa in ya bushe. Baƙi daga gindin tukunya muke kankarowa, ko daga ƙwan fitila. Ja daga karan dafin dukawa, a ɗan jefa masa kanwa ya fito. Rawaya daga gangamau, shuɗi daga bular wanki, fari kuwa garin allin da ke zuba ƙarƙashin tablo, wanda dirakta bai hana sharewa ba. Kore ne ya ba mu wahala. Bula da gangamau in sun haɗu wani kore suke bayarwa mai duhu-duhu, na ganyen da ƙura ta rufe, wanda in za a faɗi gaskiya shi ne koren Diffa a mafi yawan shekara. Takarda kuma buhun siminti ne: a ɓare shi, a yar da ɓawon waje da na ciki, a ɗauki na tsakiya a danne da bulo ya kwana. Burushi asawaki ne, a tauna bakinsa har ya yi laushi. Masu son siririn layi su tsinko gashin wutsiyar akuya su ɗaure a tsinke. Akuyoyin unguwar sun ga ta kansu a hannun 'yan sizyam.

Manhajarmu kogi ne ya tsara ta. Komadugu ruwan nesa ne. Daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake tasowa, ya ratsa Gashuwa da Gaidam, sannan ya zama iyakar Nijar da Najeriya na kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso. Saboda nisan tafiyar, sai damina ta wuce yake cika a wurinmu. Ana komawa makaranta a Oktoba yana tumbatsa, ga masunta kwance a kan manyan goruna suna shawagi, ga kwalekwale na kai mutane tsallake cin kasuwa da biki da jana'iza, don dangi ɗaya ne gaɓa da gaɓa. Tsofaffin ƙabilar Mobar kan ce tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 bai ƙara zuwa kamar da ba, ga kuma dam ɗin Challawa da ya biyo baya a 1992. Mu da ba mu ga na da ba, wanda muka tarar ya ishe mu kallo. A bakinsa muke yin zangon farko, kowa da kwali a cinya da gawayi a hannu. Doka ɗaya ce: abin da ke gabanka za ka zana. Goruba ta fi ni iya koyar da wannan doka, domin gangar jikinta rabuwa biyu take yi, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, kuma duk yaron da ya zana ta da ka sai ya miƙar da ita sambal. Ba na cewa komai, sai dai in juya kansa ya sake duban ta.

A sauran ranakun mako Faransanci kaɗai aka yarda da shi a aji. Laraba kuwa Barbarci da Hausa da Fulatanci, jefi-jefi har Tubanci da Larabci, duk a cakuɗe. Yaran da ke yin gum mako guda, don tsoron a yi masu dariya kan kuskuren nahawu, a ranar sai a rasa mai sa su shiru.

Da hunturu ya shigo sai tattasai ya nuna. Wanda bai ga shanyar tattasai a kwarin Komadugu ba, da wuya a kwatanta masa: a share fili guda, a baza shi a kan rairayi, ja wur iyakar ganinka, mata da yara na juyawa, buhuna a jibge ana jiran motocin Najeriya. Shi ne arzikin kwarin, shi ke aurar da 'ya'ya, shi ke kai mutane Makka. Da yawa cikin yarana 'ya'yan manomansa ne, a lokacin ne ma fashin makaranta ke yawa. Na kai su wajen shanya na ce su yi mini ita da launi. Yawancinsu suka shafe takarda da karan dafi tun daga sama har ƙasa, suka ce sun gama. Wata 'yar sankiyam, wadda ban taɓa jin muryarta a darasin tarihi ba, ta tsuguna ta tsinci tattasai ta jera a tafin hannu.

"Mushe," ta ce, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, "ai ba ja ɗaya ba ne."

Ta nuna mini na jiya da ke sheƙi, da wanda ya fara yamushewa ya yi duhu, da wanda ya bushe ƙayau ya koma kamar hanta, da wanda danshi ya taɓa ya koɗe ya yi fari-fari, irin wanda 'yan kasuwa ke rage wa kuɗi. Ta koma ta raba karan dafinta kashi-kashi, wannan da ɗigon baƙin tukunya, wancan da gangamau, wancan da garin alli. Ashe ita da yayarta ke sa wa amaren unguwarsu lalle, kuma hannun da ya saba da ƙafar amarya ba ya tsoron takardar siminti. Samarin ajin, don kar a bar su a baya, suka dako tattasan kansa suka kwaɓa da ƙaro. Ranar farko ya yi kyau. Kafin Laraba ta zagayo ya koma ruwan ƙasa, ban da atishawar da muka sha.

Wajen Fabrairu zuwa Maris ruwa ya ja baya, ya bar tafkuna nan da can da laka mai tsattsagewa. Lokacin yumɓu ke nan, kuma wannan fage ne na masu shi. Na je na yi sallama a gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane a bayan gari. Ta saurare ni tana murza yumɓu tsakanin tafukanta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗan nan, 'yan lakwal ne za su taɓa laka? Da wankakkun rigunansu?"

"Za su taɓa, Iya, in kin yarda ki nuna masu."

"To su zo da tsingaro. Kowa ya daka nasa."

Yumɓun kogi zalla maiƙo ya yi masa yawa, yana bushewa yake tsagewa. Sai an haɗa shi da dakakken tsingaro da ɗan kashin jaki, a tattake da ƙafa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma ya kwana. Tsohon kasko take ajiyewa a ƙasa, hannun hagu na juya shi, na dama na ɗora murzajjen yumɓu zobe kan zobe, tana shafe mahaɗar da sakaina. Ado kuma da totuwar masara ko guntun igiyar kaba, a mirgina a kafaɗar tulu tun da danshinsa. Wani yaro ya ce zai yi nasa adon mako mai zuwa, ta ce masa tun ran gini tun ran zane, mako mai zuwa ko wuƙa ba ta shiga. 'Yan mata suka gina kasake da ƙananan tuluna. Maza suka ce tukunya aikin mata ce, suka koma gina jigo da injin ban-ruwa da kwalekwale da shanu. Ranar gashi aka jera komai a rami marar zurfi, aka lulluɓe da busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi da kara, aka kunna da magariba. Duk ƙarar fashewar da aka ji sai yara su dubi juna, don na wani ne ya tafi: ko bai gama bushewa ba, ko an bar iska a cikinsa. Da safe aka tone toka da sanduna. Waɗanda suka tsira suka fito jajaye da dabbare-dabbaren baƙi, masu su na tsalle, waɗanda suka yi asara na tsintar ɓaraguzai ko za su haɗu.

A 2007 Najeriya ta fitar da sabuwar naira ashirin da hoton Ladi Kwali a bayanta tana gina tulu. Ita ma a gida ta koyi gini da hannu, kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Takardar ta yi ta yawo a kasuwar Diffa, sai dai tsohuwarmu ba ta kai ga ganin ta ba.

Shanun ne suka jawo magana. Wani yaro ya gina bijimin Kuri, farin san nan na tafki marar tozo mai kumburarren ƙaho, ya kai gida yana taƙama. Laraba ta gaba sai ga mahaifinsa, Goni ne mai tsangaya, tsaye a bakin ƙofa da almajirai a bayansa.

"Mushe, kai ne ke sa yara ƙera abu mai rai?"

"Allah gafarta Malam, ni na ce kowa ya gina abin da ya sani."

"To nawa ba zai gina ba. Na wasu iyayensu sun fi ni sani, nawa dai ba zai gina ba."

Na ce na ji na kuma karɓa. Ya juya zai tafi sai idonsa ya faɗa kan takardun da ke shanye a tebur. Ya ɗauki ɗaya, ya lakata da yatsa, ya kai hanci.

"Wa ya haɗa maku wannan tawada?"

"Mu ne, Malam."

"Haba. Ƙaron ya yi yawa, baƙin kuma bai daku ba. Wannan ko a allo ba ta kwana."

Mako na gaba ya turo babban gardinsa da alƙaluman kara da tawada launi uku da allon sauka mai zayyana. Ƙasar Barno ta daɗe da shahara a rubutun Alƙur'ani da ƙawata shi, kuma kufan tsohon babban birninta, Birnin Gazargamu, wanda nake koyar da tarihinsa da safe har zuwa faɗuwarsa a 1808, a kwarin wannan kogi yake. Abin da nake karantarwa daga littafi sai ga shi ya shigo ajin da ƙafarsa. Gardin ba shi da rula. Zare yake gwadawa, ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya ɗiɗɗiga alamomi. Da'ira kuma tsinke a tsakiya, zare a ɗaure, alƙalami a bakin zaren. Murabba'i cikin murabba'i, ya karkata na ciki, ya haɗa kusurwa da kusurwa har tauraro ya fito. Baƙi yake fara ja, ya bushe, sannan ja, sannan rawaya, kuma ba ya cike ko'ina. Ya ce a bar wa ido wurin hutawa. Malamin lissafi ya leƙo, ya tsaya shiru, ya ce wannan ai darasinsa ne na 'yan katiriyam, wato aji uku, wanda ya yi ta fama ba su gane ba. A Sudan, daga irin wannan allo Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin Alƙur'ani daga Omdurman, ya ciro salon da ya kai aikinsa gidan baje kolin Tate Modern na Landan a 2013.

Wasu abokan aiki suka ce na ba da kai bori ya hau, wai lakwal ta gwamnati ce, ba ruwanta da fatawa. Ni dai sa ɗaya na rasa, na samu malamin zayyana kyauta. 'Ya'yan Fulani kuwa suka ci gaba da gina shanunsu yadda suka saba tun a ruga, ba wanda ya zo.

A ƙarshen Mayu, kafin 'yan turwaziyam, wato aji huɗu, su shiga jarrabawar birbe, muka ɗaura igiya tsakanin itatuwan dogon yaro, muka soke aikin shekara a jikinta da ƙayar aduwa, kayan yumɓu kuma a kan tabarmi. Iyaye suka zo, wasu ranar suka fara taka harabar makarantar. Ban ji wanda ya ce abu ya yi kyau ba. Dubawa suke ko an yi daidai. Wata mata ta gane dangar gidanta, ta kama ɗanta da faɗa don me ya sa yagaggiyar tabarma duniya ta gani. Wani dattijo manomi ya daɗe a gaban zanen jigo, sannan ya ce a kira masa wanda ya yi.

"Yaro, dunƙulen lakar nan na bayan sanda ya yi kaɗan. Wannan ba zai ɗago guga ba, sai dai ya karya maka baya."

"Baba, haka na gan shi daga nesa."

"To ka matsa kusa."

Yaron ya zaro gawayi daga aljihu ya gyara a tsaye, dattijon na nuna masa da sanda inda zai tsaya.

Daga katiriyam yara kan fara zamewa. Laraba ba ta da maki a birbe, kuma uban da ya ce wa ɗansa ya zauna ya yi lissafi bai yi laifi ba. Yarinyar tattasai ba ta dawo ba bayan dogon hutu. An yi mata aure a tsallaken kogi. Ni ma daga baya aka yi mini canjin wurin aiki.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi bisa zargin da kuɗinsu mayaƙan ke sayen makamai. Ƙauyukan bakin kogi suka watse, mutanensu suka jeru a bukkokin zana gefen kwalta, makarantu kimanin 150 suka rufe a wannan shekara. Gaɓar da muke zama da kwalaye a cinya ta zama wurin da babu malami mai hankali da zai kai yara. A sansanonin 'yan gudun hijira ƙungiyoyin agaji suka raba farar takarda da fensira masu launi, na kamfani, irin waɗanda ba mu taɓa samu ba. Wani tsohon abokin aiki ya turo mini hotunan abin da yaran suka zana. Babu gida mai bututun hayaƙi a ciki. Motoci ne masu bindiga a baya, da bukkoki na ci da wuta, da mutane cikin ruwa iya wuya ɗauke da kaya a ka. Gorubar ma da ke gefe sun raba mata reshe daidai.

An sassauta dokar tattasai a 2017, kuma a Disamban 2021 aka yi bikin ranar Jamhuriya a garin, wanda aka sa wa suna Diffa N'Glaa. A kwanakin ne yaron jigo ya samu lambata ya kira, yanzu magidanci ne, yana da shagon rubuta allunan shaguna da zanen bayan motoci. Ya ce bikin ya kawo masa aiki har ya rasa barci, amma daga shi sai kasuwa ta koma gidan jiya.

"Mushe, yanzu kowa leda yake so. A buga masa a kwamfuta, da hoton kaza da kifi, wata shida rana ta cinye, ya sake bugawa. Nawa kuwa sai ya shekara biyar a bango, amma su ce na yi tsada."

Na tambaye shi ko yana da yara a hannu. Ya ce akwai uku a shagon, ɗaya ma hannunsa ya fi nasa, sai dai kullum maganarsu ɗaya ce, yaushe maigida zai sayo injin bugawa.